Zaren da Na Ɗaura a Wuyan Innarku

Jikokina ba su san Innarku da wata murya ba sai wannan ta yanzu, wadda sai mutum ya matso ya karkata kunne kafin ya ji abin da take faɗa. Ku kuwa da kuka tashi a gabanta kun san ta dā. Kun san idan aka yi aure a garinmu, ko a ƙauyukan da ke tsakaninmu da Bande, ba a cewa buki ya kankama sai ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Mutanen da ke gona sukan ɗaga kai su ce, to, an fito da amarya. Wannan babin a kan yadda muryar nan ta tafi ne. Na daɗe ina jin yadda ake ba da labarin a gidan nan, kuma ba haka abin ya faru ba. An ɗora wa mutum ɗaya kayan da ba nata ba ne, ina zaune ina kallo.

Ni wanzami ne, ɗan wanzami. Lekol ɗin da na yi, wato makarantar boko, ba ta da yawa, iyakarta in karanta in rubuta irin wannan da kuke gani. Karatuna na gaske a gindin zabirar mahaifina na yi shi: aski, ƙaho, tsaga, cire beli, kaciya. A cikin abin da ya koya mini har da auna kumburi da zare. Idan aka kawo mai kumburi a ƙafa ko a wuya, sai a zagaya wurin da baƙin zare a ƙulle shi daidai jiki. Duk tsayuwar wata a duba. In zare ya matse, ciwo na gaba. In yatsa ya shiga tsakanin zare da fata, ciwo na baya. Mahaifina ya rayu a kan wannan, ni ma haka, kuma a ƙafa da hannu bai taɓa ba ni kunya ba.

Maƙoƙo ya fito wa Innarku bayan haihuwar Nana, autarmu. Ba wani abin tashin hankali ba ne a wajenmu, don ba unguwar da za ka shiga ba ka ga mace ɗaya ko biyu da shi ba. Tsofaffi suka ce yunƙurin haihuwa ne ya tsaya mata a wuya. Da na ga yana ƙaruwa sai na zaunar da ita a tsakar gida, na yi mata tsaga ƙanana a kewayensa, na goga maganin da muke haɗawa da saiwa da toka, na ɗaura zare. Shekarun farko zaren yana matsewa, ina sake tsaga, ina sake zare. Daga baya sai ya tsaya. Can kuma wata rana na sa yatsa, sai ya shige. Bayan wani lokaci yatsu biyu suka shiga. Ba zan ɓoye muku ba, na yi alfahari da wannan. Ranar kasuwa ina yi wa mutane aski ina ba su labari, har mata suka fara zuwa daga wajen Dogo-Dogo a yi musu irin na matar wanzami.

A cikin wannan lokacin ne Innarku ta daina daka. Idan ta ɗaga taɓarya sama sau kaɗan, sai fuskarta ta cika, jijiyoyin wuyanta su miƙe, ta saki taɓarya ta dafa turmi tana neman iska. Tuwo ya fara tsaya mata, ta koma fura da kunu. Kwanciya a miƙe ta gagara, sai ta tara matasai ta jingina da bango. Abin da ya fi damunta shi ne salla. In ta kai goshi ƙasa sai numfashi ya ɗauke, dole ta koma yin sujada da nuni tana zaune kamar tsohuwa, alhali ba ta tsufa ba. Ni kuwa na ce fuka ce. Na kafa mata ƙaho a baya, na sa aka yi mata hayaƙi, na hana ta ruwan randa. Ban taɓa haɗa wannan da wuyan ba. Wuya ai na gama da shi, zare shaida ne.

A nan sai na yi maganar yayarku, babbar ɗiyata. Kun san al'adarmu game da ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi a gaban mutane, ba a yabonsa. Tun da aka yaye ta yayata ta ɗauke ta, a hannunta ta girma, a can Waca aka yi mata aure. Ni da Innarku ba mu da sunan da muke ce mata sai Ta Waca. In ta zo gida takan durƙusa daga nesa ta gaishe ni, in amsa ina kallon wani wuri. Haka na ga iyayena sun yi da yayata, haka na yi. Ba ƙiyayya ba ce, Allah ya sani. Amma wanda ba ka saba duban fuskarsa ba, maganarsa ma ba ta saurin shiga kunnenka.

Ta zo mana da kaka, an gama yankan gero ana ɗaurin damma. Ina zaune bakin zaure ta ciki ina wasa aska, su kuma suna bayan dangar kara. Ta daɗe tana kallon Innarku tana shan fura da ƙyar. Da yake ba ta iya fuskantata da magana, sai ta ɗaga murya yadda zan ji.

"Inna, wannan zaren da ake ta yabo, ki ce wa mai shi ya dubi hannunki ma. Awarwaronki har gwiwar hannu yake zamewa. Shi ma tsagar ce ta warkar da shi?"

"Ke, rufe mana baki," in ji Innarku.

"Ba zan rufe ba, Inna. Ba maƙoƙon ne ya ragu ba, ke ce kika ƙare. Na raka maƙwabciyata asibiti a Damagaram, nata bai kai naki ba, amma ba su tsaya ga abin da ido ke gani ba. Akwai na'urar da ke duba ciki."

Na ajiye askar. Ban juya ba, da dangar nake magana.

"A gaya wa mai maganar nan, tun ba a san za a haife ta ba nake wannan aiki. Wanda ya raka maƙwabci asibiti bai zama lokotoro ba."

Ta ɗauke ƙwaryar furar ta bar wurin. Kashegari ta shiga mota ta koma Waca. Da ta tafi na kira Innarku na sake sa yatsu a zaren, suka shiga kamar kullum, na ce kin gani. Ban dubi awarwaron ba. Na san in na duba zan ga abin da ba na so.

Haka muka ci gaba har bazara. Aka yi bukin 'yar maƙwabcinmu, da la'asar sakaliya za a fito da amarya, mata suka yi ta kiran Innarku. Ta miƙe, ta kama hanci, ta fara. Ina waje tare da maza muna jin ta. Guɗar ta tashi kamar yadda ta saba, sai ta katse a tsakiya, kamar an sa hannu an toshe. Muka ji mata sun ɗauki salati. Da na shiga na same ta zaune a ƙasa, leɓɓanta sun canza launi, numfashinta yana fita da wani siririn fito. Aka yi ta fifita, aka yayyafa mata ruwa, da ƙyar ta dawo. Da aka kai ta ɗaki ta huta, sai ta dube ni. Tun da muka yi aure ba ta taɓa neman wani abu a kan aikina ba.

"Malam, a kira Ta Waca."

"Fuka ce ta tashi, ga ƙura, ga zafi."

"Na ji. A kira ta."

Na sa aka buga mata waya, ta zo ta ce sai an kai Innarku asibiti. Kuma bari in faɗa muku gaskiyar abin da ya sa na bi su. Ba don na yarda ba ne. Na bi su ne don in ji lokotoro ya ce fuka ce da bakinsa, in dawo gida da maganata.

Muka fara da asibitin Magarya. Majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, ya taɓa wuyan, ya sa ta haɗiyi miyau yana lalube da yatsu a ramin da ke saman ƙirji, ya ce shi bai ji ƙarshen abin ba. Aka tura mu wajen eko, irin wadda ake yi wa masu ciki. Matar da ke yi ta shafa mai a wuyan, ta yi ta yawo da abin hannunta, ta sauko har ƙashin ƙirji ta tsaya. Ta ce ga kansa tana gani, amma gindinsa ya shige bayan ƙashi, kuma na'urarta ba ta ratsa ƙashi. Sai babbar na'urar hoto da ake kira sikanar, ita kuwa sai Damagaram. A raina na ce haka suke, wannan ya miƙa ka ga wancan.

Tafiyar ba ta yiwuwa sai an sayar da wani abu, kuma abin da ke akwai shi ne bijimin amalanke. Wannan bijimin na riga na yi wa ɗana Laminu alkawarinsa, da shi za a yi hidimar aurensa bayan damina. Laminu yana nan da ransa, zai karanta wannan, kuma ba don in tozarta shi nake faɗa ba. Saurayi ne a lokacin, an sa masa rana. Da aka ja bijimin kasuwa, bai ci abinci a gidan ba ranar. A ganinsa, kamar yadda yake a ganina, yayarsa ce ta zo da wata fitina daga Waca a kan ciwon da babansa ya riga ya warkar.

A Damagaram suka fara da ɗibar jini. Suka ce sai sun san yadda maƙoƙon ke aiki a jikinta kafin su yanke ko za su sa mata ruwan allurar da ke haska hoto, don wani maƙoƙon ruwan nan tayar da shi yake. Da sakamako ya fito aka kai mu ɗakin sikanar. Ɗaki ne mai sanyi kamar cikin randa. A tsakiya ga wani farin abu mai rami kamar bakin rijiya da aka tayar tsaye, ga siririn gado a gabansa. Mai aikin ya ce a cire 'yan kunne da sarƙa, duk wani ƙarfe. Ya ɗaga zaren da yatsa ya ce wannan ba komai, a bar shi. Sai ya ce ta kwanta a miƙe. Innarku ta dubi gadon, ta dube shi.

"Ɗana, na fi shekara ban kwanta haka ba. In na kwanta, tafiya zan yi."

"Inna, ba za ki daɗe ba. Kafin ki gama Fatiha mun gama. In kin ji ba daɗi ki ɗaga hannu, ina kallonki ta gilashi."

"In na ɗaga hannu ma ai shaƙewa nake."

Ya yi dariya, ya ce to ta motsa ƙafa. Yayarku ce ta kwantar da ita a hankali, tana tallafe da ƙeyarta har kan ya sauka, tana yi mata magana ƙasa-ƙasa kamar ita ce uwar. Aka fitar da mu. Muka tsaya a baranda ni da ita, tsakaninmu kamar tsawon tabarma, ba mai kallon wani. Ban gama shirya abin da zan faɗa in an ce fuka ce ba, sai ga ƙofa ta buɗe.

Lokotoron da ya karɓe mu kashegari mai fiɗa ne, ba yaro ba, furfura ta fara masa. Ya zaunar da mu ukun, ya juyo da allon na'urarsa wajenmu. Ban gane komai ba da farko, toka-toka ne da baƙi da fari. Ya tambayi sana'ata, na faɗa masa. Ya ce to ai ba baƙon jiki ba ne ni. Ya ce in ɗauka an yanka kuɓewa ƙwaya-ƙwaya daga kai zuwa gindi, ana ɗaga kowane yanki ana dubawa. Haka na'urar ta yi wa wuyan Innarku da ƙirjinta, ba tare da aska ta taɓa ta ba. Ya nuna wani baƙin rami a tsakiyar hoton farko.

"Wannan maƙogwaro ne, hanyar iska. Yaya ka gan shi, Baba?"

"Zagayayye, kamar bakin ƙaho."

"Madalla. To riƙe shi da ido, za mu sauka."

Ya fara murza wani abu a hannunsa, hotunan suna canzawa ɗaya bayan ɗaya. Ina kallon ramin nan. Sai na ga wani abu mai launin toka ya taso ta gefensa. Lokotoro ya ce maƙoƙon ke nan, wanda muke gani a waje. Ya ci gaba da sauka. Farin ƙashi ya bayyana, ya ce mun wuce wuya, mun shiga ƙirji. Na jira abin tokar nan ya ƙare, tunda nan ne zarena ya tsaya. Bai ƙare ba. Ƙaruwa ya yi. Ramin iskar ya bar tsakiya, ya koma gefe, ya tsuke, ya zama kamar karan dawa da amalanke ya taka. Ta wannan 'yar tsagar Innarku take numfashi, tana dafa mana abinci, tana yi wa 'ya'yan mutane guɗa. Ya nuna mini manyan hanyoyin jini da abin ya danne, ya ce shi ya sa in ta ɗaga hannu fuskarta ke cika. Ban yi masa maganar daka ba, shi ya tambaya ko ta daina.

Na ƙura wa hoton ido. Ba wanda ya dube ni, kuma na gode musu da wannan. Can na ce:

"Lokotoro, tsagar da aka yi mata, ita ta kora shi ciki?"

"A'a, Baba. Tsaga a fata ta tsaya. Ba ta kora shi ba, ba ta kuma tsayar da shi ba. Nauyinsa ne da shekaru suka saukar da shi."

"Da an zo da wuri fa?"

"Da aikin ya fi haka sauƙi. Iyakar abin da zan iya ce maka ke nan."

Ya yi mana bayanin amfanin hoton a wajensa. Ya ce da shi zai san iyakar inda abin ya sauka, ko zai iya zaro shi ta wuya ko sai an buɗe ƙashin ƙirji. Da shi mai sa barci zai san ta inda zai bi da bututun iska a hanyar da ta karkace. Ya ce in ba hoton, shiga zai yi kamar mai lalube a rumbu. Sannan ya juya ga Innarku, ya ce akwai abin da hoton ba ya nunawa, kuma dole ta sani. Akwai jijiyar murya, siririya ce kamar zaren da ke wuyanta, ta bayan maƙoƙon take bi. Abin da ya yi wannan girman, ya daɗe haka, yakan manne da ita. Zai yi iyakar ƙoƙarinsa, amma ba zai yi alkawarin muryar za ta fito yadda ta shiga ba. In kuma aka bar shi, hanyar iskar za ta ci gaba da tsukewa.

Ku saurara da kyau a nan, don wannan ne wurin da labarin ya karkace a bakin mutane. Yayarku ba ta ce uffan ba. Kanta na ƙasa. Ni ne na fara ja da baya, na ce ko za mu koma gida mu yi shawara. Innarku ce ta katse ni.

"Shawarar me, Malam? Guɗar da na yi wa 'ya'yan mutane ta isa. Ni goshina nake so ya taɓa ƙasa. Lokotoro, in an cire zan yi sujada?"

"In Allah ya yarda, Inna."

"To a cire."

Muka fito muka zauna a inuwar wata bishiyar dogon yaro a harabar asibitin, inda 'yan jinya ke shimfiɗa tabarmi. Zabirata tana tare da ni, ba na tafiya ba ita. Na ciro aska, na ce wa Innarku ta ɗaga haɓa. Na sa yatsu biyu a ƙarƙashin zaren kamar yadda na saba yi duk tsayuwar wata, na yanke shi. Ta shafa wurin, ta ce ashe har ya yi mata shaida a fata. Yayarku tana gefe tana zuba ruwa a buta. Na san ta gani. Wannan ne lokacin da ya kamata in ce mata wani abu, ko da kalma ɗaya ce. Na naɗe zaren na sa a zabira, na ce a je a nemo abinci.

An yi aikin, kuma Allah ya taimaka ta wuya aka zaro shi, ba a taɓa ƙashi ba. Lokotoro ya nuna mini abin da aka ciro a cikin kwano. Wanda ke waje, wanda na yi shekaru ina aunawa, shi ne ƙaramin. Da ta farfaɗo ta buɗe baki za ta yi magana, sai iska kawai. Aka ce mu yi haƙuri, wata muryar takan dawo. Tata ta dawo rabi, ta tsaya a nan. Aka ɗora ta kan 'yar ƙwayar da take sha kowace safiya har yau, aka ce mu riƙa sayen gishiri mai iyod, sinadarin da ke hana maƙoƙo. Yayarku ce ta yi jinyar duka, ta bar 'ya'yanta wajen dangin mijinta. Ranar da Innarku ta fara salla a tsaye bayan mun dawo gida, na ga ta kai goshi ƙasa ta daɗe ba ta ɗago ba, har na tsorata na matsa. Ba komai ba ne. Ba ta so ta ɗago ne kawai.

Auren Laminu sai da ya ƙara shekara. Ranar da za a shigo da amarya gida ya cika, mata suka taru a ƙofar ɗaki, sai aka yi wani ɗan shiru, irin wanda kowa ya san abin da ya kamata ya cike shi. Wata mata daga dangin amarya ta yi guɗar, ba laifi, amma ba ita ba ce. Innarku tana tsaye tana murmushi, hawaye na zuba. Laminu ya gani. Da yamma, baƙi sun ragu, yayarku tana kwashe kwanuka a tsakar gida, ya tsaya a kanta.

"Yaya, hankalinki ya kwanta? Kin sa an sayar da sa, kin kai ta an yanke mata murya. Uwar kowa ta yi masa guɗa, ban da ni. Da kin bar ta da maganin Baba, da yanzu tana nan yadda take."

Innarku ta yi ƙoƙarin magana, muryar ba ta kai ba. Ta juyo ta dube ni. Ina zaune kan kujera, tazarar da ke tsakaninmu ba ta kai a ɗaga murya ba. Ni kaɗai ne a gidan, ban da su biyun, na ga hoton nan. Ni na ga karan da aka taka. Da na buɗe baki na ce, Laminu, ba haka ba ne, da magana ta mutu a wurin. Amma in na faɗa, na kare 'yar fari a gaban mutane, abin da ba a yi. Haka na gaya wa kaina. Gaskiyar ita ce in na faɗa, sai na faɗi abin da zarena ya yi, ga surukai a zaure, ga mutanen da nake yi wa aski. Na ce dai a bar hayaniya, ranar farin ciki ce. Yayarku ta gama kwashe kwanukan, ta wanke su, da safe ta tafi.

Daga nan maganar Laminu ta zama labarin gidan. Na ji ta a bakin matanku, na ji ta a bakin Nana, har wata jikata ta taɓa ce mini wai gwaggon Waca ce ta sa aka ɓata wa kaka murya. Yayarku ba ta yi fushi a fili ba. Tana aiko da ƙwayoyin Innarku ba fashi, tana zuwa gaisuwar mutuwa da suna, amma ba ta ƙara kwana a gidan nan ba. Ni kuma na daina ɗaura zare a wuya. Duk matar da ta zo da maƙoƙo nakan ce ta tafi asibiti a duba ciki, na bi waɗanda na yi wa a dā na faɗa musu haka, wasu sun je, wasu ba su je ba. Wannan ya fi mini sauƙi a kan in tsallaka zuwa Waca.

Innarku ce ta gaji da ni. Bara da kaka muna zaune tana ɓarar gyaɗa, ta yafito ni da hannu kamar yadda take yi in tana son a ji ta. Na karkata kunne.

"Malam, ni an cire mini murya. Kai wa ya cire maka taka?"

Ranar kasuwar Waca na shiga mota. Na sami gidan, na tsaya a ƙofar zaure. Al'ada ita ce in yi sallama in aika yaro ya ce ana kiran matar gidan. Na yi sallama, ban aika kowa ba. Na ɗaga murya na kira ta da sunan da aka raɗa mata ranar da na yanka mata rago, sunan da bai taɓa fita daga bakina ba. Na ji wani abu ya faɗi a cikin gida. Ta fito da gudu, hannunta duk gari, ko mayafi ba ta gyara ba.

"Baba! Inna ce? Me ya sami Inna?"

"Lafiyarta lau. Tana gaishe ki."

"To wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu."

Ta tsaya tana kallona, ni ma na dube ta, a fuska. Ashe furfura ta fara mata a gefen kunne. Na buɗe zabira na ciro zaren, na miƙa mata. Ta gane shi. Na ce mata awarwaron ya fi zarena gaskiya, kuma na san haka tun ranar da ta faɗa. Ta durƙusa a nan bakin zauren ta rufe fuska da gefen zane. Da ta ɗago abin da ta ce kawai shi ne in shigo daga rana, fura na nan.

Ga shi na rubuta, Laminu, kai da ƙannenka da 'ya'yanku. Muryar Innarku shekarun da na ɓata ne suka ci ta. Shawarar fiɗa ita ta yanke da bakinta. Numfashin da take yi yau, da sujadar da take yi, da zaman da take yi da jikokinta a kan tabarma, bayan ikon Allah, a hannun yayarku kuka same su. Sunanta Habsatu.